Manhajar Ta Ƙi Zama, Inna Kuma Ta Fara Mantuwa

Anti Falta, assalamu alaikum.

Don Allah ki taimake ni da shawara, ko ki haɗa ni da wanda zai iya taimaka min, domin na kai inda ban san wa zan tambaya ba. Na san filin nan naki na maganar aure ne da zaman gida, kuma da kin ga kwamfuta a wasiƙata za ki ce na yi ɓatan kai. Ki daure ki karanta har ƙarshe. Duk sunayen da zan ambata na canza su.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Dawakin Tofa. Lissafi nake koyarwa, ina kuma taɓa noma kamar kowa a nan. Shekarata talatin da ɗaya, ban yi aure ba. Yau sati bakwai ke nan ina fama da wata manhaja ta rumbun bayanai, abin da masu harkar kwamfuta ke kira databes, ina so in ɗora ta a laftof ɗina, ta ƙi. Abin da nake son adanawa a ciki shi ne tarihin shayarwa na garinmu: wace mace ce ta ba wane jariri nono, ko da sau ɗaya ne, da kuma 'ya'yan da ta haifa kafin nan da bayan nan. Idan saurayi ya ga yarinya, kafin magana ta yi nisa sai a sa sunayensu biyu a duba. Sai na gaya miki dalili za ki gane me ya sa malamin lissafi ya ɗorawa kansa wannan.

Mahaifiyata ta rasu ina da kwana huɗu a duniya, ko suna ba a yi ba. Goggon babana, Inna Hure, ita ce ungozomar garinmu a lokacin. Ita ta yanke min cibiya, ita kuma ta ɗauke ni. Madarar gwangwani ta fi ƙarfin gidanmu, ta akuya kuma an ce da an ɗura min nake amayar da ita. Sai Inna ta riƙa goya ni tana bin gida-gida, duk inda ta san akwai mai goyo, har na isa shan koko. Wasu sun shayar da ni da sanin mazajensu, wasu a ɓoye, don a nan ba kowane magidanci ne yake yarda matarsa ta ba ɗan wani nono ba. Inna ta yi musu alƙawarin ba mai jin maganar a bakinta. Ina yaro na sha jin tana cewa mata biyar ne suka raya ni, ban taɓa tambayar su waye ba. Babana ya rasu ina aji biyu a sakandare, kuma ni kaɗai ya haifa. A ɗakin Inna na girma, a kwanonta na ci tuwo har na fara gemu.

Da na je kwalejin ilimi a Bici na haɗu da Ramlat. Shekara uku muna tare. Kin san kunya irin tamu, ban taɓa kama sunanta a gaban Inna ba, abin da ta sani kawai ina da yarinya a Bici. Na yi wa ɗakina daɓen siminti, na fara haɗa lefe. Ranar da Baffa Hashimu, ƙanin babana, ya jagoranci manya suka je gaisuwar iyaye, sun dawo suna ba da labari a tsakar gida, sai wani ya ce ai uwar yarinyar ma ba baƙuwa ba ce, Aina'u ce da ta taɓa aure a garinmu kafin ta koma Bici. Inna ta sa aka maimaita mata sunan. Daga nan ta ce a dakata da maganar.

Aka aika wa Aina'u, ba ta musa ba. Ashe tun ranar farko ta gane ni. A tunaninta Naziru ne kaɗai ɗan'uwana, wato ɗan da take goyo lokacin da ta shayar da ni, su Ramlat kuwa da ta haifa daga baya, a wani gidan ma, ba ruwansu. Mata da yawa a wajenmu haka suka ɗauka. Liman ya ce sam, duk wanda ya fito daga cikinta ɗan'uwana ne. Shi ke nan, Anti. Akwatunan suna nan a ɗakina na lulluɓe su da tsohon zani.

A ranar na yi abin da har yau idan na tuna nake jin nauyi. Na tsaya a ƙofar ɗakin Inna na ɗaga mata murya a gaban mutane. Na ce ta yi shiru shekara talatin, sai ranar da za ta fi yi min ciwo ta zaɓa ta buɗe baki. Ita kuwa ta ci gaba da tsintar wakenta. Tun daga ranar, wata goma sha shida ke nan, ban zauna a ɗakinta ba. Ina gaishe ta kullum, amma daga bakin ƙofa, a tsaye. Ramlat ta yi aure da bazarar da ta wuce, ta aiko min da kati ta kira ni Yaya a ciki. Ban je ba.

To daga nan tunanin rumbun ya zo min. Na ce ba wanda zai sake shan abin da na sha. Inna ta karɓi haihuwar fiye da rabin garinmu, ta san wadda nononta ya ƙafe, ta san wadda ta kwanta ciwo aka kai jaririnta maƙwabta. Duk wannan a kanta yake, ba a rubuce ba. Sannan ni kaina akwai sauran mata huɗu da ban sani ba. Akwai wata malama, Nana Aisha, a makarantar da ke ƙauyen gaba da mu, muna gaisawa sosai idan mun haɗu a wajen taron malamai. Da na ji an ce uwarta 'yar garinmu ce sai na daina bin hanyar. Ko kallon mace na yi sai in ce ko ƙanwata ce.

Laftof ɗin tsoho ne, na hannu na saya a Kano. Manhajar da ya zo da ita ta yi masa nauyi, sai na karanta cewa wata mai maye gurbinta, Linux, kyauta ce, ba sai an saci lasisi ba, kuma tana tashi da tsofaffin na'urori. Ni kaɗai na ɗora ta da filas, ɗan abin adana fayil da ake soka wa kwamfuta, ba wanda ya nuna min, kuma ta hau lafiya lau. Ranar har wata tafiya nake ina jin kaina. Na zana tsarin rumbun a takarda tsaf, jadawalin yara daban, na iyaye mata daban, na shayarwa ya haɗa su. Saura kawai in ɗora databes in fara zuba sunaye. A nan na maƙale.

A garinmu sabis bai da ƙarfi sai a gindin wata ɗorawa da ke kan tudu a gonar Baffa. Nan nake zuwa da tabarma bayan an tashi daga makaranta, da kuma safiyar Asabar da Lahadi, in jona laftof da wayata. Karon farko ana cikin saukewa sabis ya ɗauke. Da ya dawo na sake ba da umarnin, sai baƙin allon ya ce wani aiki yana riƙe da makulli, in jira. Na jira har la'asar, ba wani aiki. Na nemo yadda ake cire makullin na cire. Sai ta ce tana buƙatar wani ɓangare, shi kuma ɓangaren yana buƙatar wani wanda ya girme shi, wanda ya girme shin kuma ba ya zama tare da wanda ke ciki. Sau ɗaya ta nuna ta gama hawa, har na yi hamdala. Na tashe ta, ta tashi ta mutu nan take. Na sake, ta tambaye ni kalmar sirrin da ban taɓa sa mata ba. Duk umarnin da na gani a intanet kwafa nake in liƙa, na wannan shafin da na wancan, ban ma san me rabinsu ke yi ba. Sau huɗu ina goge komai in fara daga farko.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wani saƙo da yake yawan fitowa, wai fayilolin da nake nema lokacinsu bai yi ba tukuna, sai nan da shekara goma sha wani abu. Abin da mutanen duniya suke amfani da shi yau, ni aka ce in jira shekara goma sha. Wallahi na yi dariya ni kaɗai a gona, dariyar da ba ta daɗi ba. Laftof ɗin dama komai nasa a birkice yake, batirinsa ba ya wuce awa ɗaya da rabi, harafi biyu sun fita, agogonsa ma kullum na kunna sai ya nuna min watan Janairu na wata shekara da ta daɗe da wucewa, ni dai a waya nake duba lokaci.

Na shiga dandalin masu amfani da manhajar na rubuta tambaya da ɗan Turancina. Wani ya ce an taɓa yin irinta, aka rufe tawa. Na bi waccan ɗin, ba irin matsalata ba ce. Wani ya ce in karanta littafin jagora. Mutum ɗaya ne, ban san ƙasarsa ba, ya amsa min da mutunci, ya ce in turo masa bayanan kuskuren gaba ɗaya zai duba. Na tura. Yau kwana ashirin da uku. Kullum sai na leƙa ko ya dawo, kamar mai jiran ɗan'uwa a tasha. A zauren WhatsApp na abokan karatuna kuwa hotunan dariya aka yi ta turo min, wani ya ce in koma manhajar da kowa ya sani in huta.

A gari an gama yanke hukunci mainin nake yi, wato haƙar kuɗin intanet. Masu wucewa da fartanya sukan yi min sannu da aiki da wata irin murya, wasu su tambaye ni yaushe za ta fashe. Gerona ciyawa ta cinye shi, noman farko ma Baffa ne ya sa aka yi min, ya kuma gaya min maganar da ta dace da ni. Ban iya yi wa kowa bayani ba. Idan na ce nonon matan garin nake so in rubuta, me kike jin za su ce? A majalisa da na zauna hira take mutuwa, tun abin Ramlat mutane suke min magana a hankali kamar marar lafiya. Na daina zuwa. Sai in wuni ban yi magana da babban mutum ba, in ban da gaisuwa da 'yan aji.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne Inna ba ta da lafiya tun saukar damina. Ta haura tamanin. Safara'u, matar ɗan Baffa, ita ke jinyar ta, ita ce ta tare ni a soro ta gaya min cewa da safe Inna garau take, tana ba da labarin haihuwar da ta karɓa tun kafin a yi titin garinmu, amma da rana ta karkata sai ta fara haɗa sunayen rayayyu da na matattu. Ranar Juma'a da na je gaishe ta bayan masallaci da sunan babana ta amsa min. Safara'u ta ce har yanzu kullum sai ta sa an rage fura a kwanonta an rufe, wai tawa ce, kuma sau biyu tana cewa a kira ni da safe tana da saƙo. Na ce a gaya mata ina nan zuwa da na gama haɗa abin. Ba na so in wahalar da tsohuwa ta faɗi magana sau biyu, na fi so in zauna sau ɗaya da na'ura a shirye, tana faɗa ina shigarwa.

Haka nake gaya wa kaina. Amma wani lokacin, idan jan rubutun kuskure ya sake fitowa a allon, nakan ji wani ɗan sauƙi a raina wanda ban san ma'anarsa ba, kuma yana ba ni tsoro.

Anti, in haƙura da Linux ɗin ne? Ko kin san wani a Kano da zai duba min, ko ta waya ce? Ina jin tsoron in gama ɗora manhajar in rasa abin da zan zuba a ciki. Ba ni da uwa, ba ni da uba, ba ni da wa ko ƙani, ba ni da wanda zan yi wannan maganar da shi. Shi ya sa na kawo miki.

Naki,
Talle, daga ƙasar Dawakin Tofa

*

Wa alaikumus salam, Malam Talle.

Ba ka yi ɓatan kai ba, nan ne wurin wasiƙarka. Ban ma jira ranar fitowar jarida ba, tun ranar da na karanta na tura maka wannan amsar ta adireshin da ka rubuto da shi. Na buga ta a nan ne don masu irin halinka, kuma suna da yawa.

Bari mu sallami na'urar tukuna. Ni iyakata da kwamfuta in buga rubutu in tura, don haka na kai wa Malam Zubair wasiƙarka, wanda ya shekara ashirin yana kula da na'urorin ofishinmu. Yana zuwa kan maganar agogo ya ajiye takardar ya ce ga ɓarawon nan. A cikin laftof akwai wani ɗan batiri mai kama da kwabo, aikinsa riƙe kwanan wata idan an kashe na'ura. Naka ya mutu. Duk sanda ka kunna, laftof ɗinka yana zaton yana can a waccan shekarar, to idan ya ga fayil mai kwanan watan bana dole ya ce lokacinsa bai yi ba. Ya ce ka gyara kwanan wata da hannu duk sanda ka kunna, kafin ka taɓa komai, sannan ka sa mai gyara ya canza batirin, ba abu ne mai tsada ba.

Sauran shawarwarinsa ga su. Kada ka sake sauke babban abu a gindin ɗorawa, ka shigo gari inda sabis ba ya yankewa, domin abin da ya hau rabi shi ke barin makullin nan da ɓangarori masu faɗa da juna. Ka duba lambar Linux ɗin da ke kanka, ka bi jagora ɗaya tak da aka rubuta dominta, ka daina haɗa na wannan da na wancan. Ya kuma ce manhajar da kake kokawa da ita an yi ta ne don manyan ma'aikatu, mutanen ƙauye guda kuwa ƙaramin databes mai zama a fayil ɗaya ya ishe su, kai ko jadawali ma ya isa a fara. Ya ce in gaya maka manhajojin nan suna da nasu kurakuran na gaske, ba daƙiƙancinka ba ne, kuma wanda ya ɗora Linux shi kaɗai a ƙauye ba abin dariya ba ne. Kada ka bar Linux ɗin. Na sa maka lambarsa a saƙon, ya yarda ka kira shi. Amma na ce masa kada ya ɗauki wayarka sai ka gaya masa ka yi abin da zan faɗa yanzu.

Ɗan sauƙin nan da kake ji idan jan rubutu ya fito, ka san ma'anarsa, shi ya sa ka rubuta shi. Duk ranar da manhajar ta ƙi hawa, ka sami uzurin kwana guda na ƙin shiga ɗakin Inna. Ka dage kana gina rumbu, hatsin kuma yana gona ruwa yana dukan sa. Manhaja za ta hau bana ko baɗi. Safiyoyin Inna kuwa ba wanda ya san nawa suka rage, kuma kai da bakinka ka ce na Asabar da Lahadi a gindin bishiya kake kashe su.

Ban ce ba ka da hujjar fushi ba. An yi maka ba daidai ba. Yaron da aka shayar a gidaje biyar haƙƙinsa ne a gaya masa tun ya fara zama saurayi, ba sai manya sun je gaisuwa ba. Inna ta yi jinkiri, Aina'u ta yi kuskuren fahimta, kai ka kwashi ciwon, kuma shekara uku ba wasa ba ce. Amma ka dubi ɗaya gefen. Matar nan ta ɗauki jariri ɗan kwana huɗu tana bin ƙofofin mutane tana roƙon abin da ba a saba roƙo ba. Abin da ta biya da shi shi ne alƙawarin yin shiru. Ta riƙe shi shekara talatin, ta karya shi rana ɗaya, ranar da shirun zai kai ka ga auren ƙanwarka. Ta san za ka ji haushinta, ta faɗa duk da haka. Kai ma kunyarka ta taimaka, da ta ji sunan uwar yarinyar tun shekarar farko da ba a kai ga lefe ba.

Ga abin da za ka yi. Gobe da safe, ba Asabar ba, ka nemi izinin hedimasta. Ka bar laftof a ɗaki. Ka ɗauki littafin rubutu irin na ɗalibanka da biro biyu. Ka cire takalmi ka shiga ka zauna a ƙasa, ka sha furar nan a gabanta. Kafin ka tambaye ta komai ka nemi gafararta kan abin da ka faɗa a ƙofar ɗakinta, a fili, ba cikin gaisuwa ba. Sannan ka ji saƙonta. Ina kyautata zaton sunaye huɗu ne. Idan ba ta fara da su ba, kai ka fara, naka tukuna kafin na gari. Safara'u ta zauna ta ji, idan Inna ta yarda. Idan ta amince ka ɗauki muryarta a waya, ka ɗauka. Kada ka damu da maimaici, tsofaffi ba sa gajiya da faɗin magana sau biyu, rashin mai saurare ne yake gajiyar da su. Ka koma jibi, ka koma gata, kullum da safe, kaɗan-kaɗan, ka bar ta ta huta da ta fara haɗa sunaye. Abin da ta faɗa da yamma kada ka rubuta shi a matsayin tabbas.

Sai kuma gargaɗi, domin niyyarka mai kyau ce amma tana iya ƙona wasu. Abin da ke kan Inna amanar mata ce. Wasunsu suna raye, suna gidajen mazajen da har yau ba su sani ba. Wannan ba bayanin da za a sa a intanet ba ne, ko a bar shi a laftof ɗin da zai je hannun mai gyara a buɗe. Ka tambayi Inna wanne za a iya faɗa, wanne za a ɓoye sai buƙata ta taso. Ka sanar da Liman abin da kake yi, shi zai faɗi wane labari ne yake haramta aure, wane ne yake buƙatar ƙarin shaida. Ni ba malama ba ce, na'urarka ma ba malama ba ce. Ka kuma roƙe shi ya yi wa'azi a kan kuskuren da Aina'u ta yi, wannan kaɗai zai ceci gidaje kafin rumbunka ya tashi. Littafin takardar ka adana shi ko bayan ka shigar da komai.

Maganar Malama Nana Aisha kuwa, tambaya ɗaya ce za ka yi wa Inna, amsar ba ta wuce i ko a'a. Ka fi wata nawa kana zagaye hanya saboda ita.

Ka rufe wasiƙarka da cewa ba ka da uwa, ba ka da wa, ba ka da ƙani. A nan ne kaɗai ban yarda da kai ba. Kana ƙirga matan nan a matsayin tarko da aka binne maka a hanyar aure, ka manta iyayenka ne. Aina'u uwarka ce, Naziru ɗan'uwanka ne, Ramlat kuma da ta rubuta Yaya ba gatse ta yi maka ba, ko da yake ban ce ka je wajenta ba sai zuciyarka ta huce. Akwai wasu huɗu. Wataƙila ɗayarsu tana wuce ka a hanyar rijiya, tana kallon tsayinka tana jin daɗi a ranta, ba ta da ikon cewa komai. Kana zaune kana jiran wani baƙo da ba ka san ƙasarsa ba ya dawo ya amsa maka, alhali mace ɗaya da ta san sunayen iyayenka mata tana ɗaki ta rufe maka fura, ta aika a kira ka sau biyu. Kada ka bari sai ta aika na uku.

Allah ya ba Inna Hure lafiya, ya saka mata da alheri ita da matan da suka raya ka, ya jiƙan mahaifanka. Kai kuma Allah ya sanyaya maka zuciya, ya haɗa ka da danginka da kuma matar da ta halatta gare ka. Ka gaishe min da Inna idan ka zauna.

Anti Falta